OTAL ƊIN LANDAN DA BAƘON KASUWAR POTISKUM

A tsakiyar birnin Landan akwai wani titi da ake kira Park Lane, yana daura da babban filin shaƙatawa na Hyde Park. A kan wannan titi ne manyan otal-otal irin su Dorchester, wanda aka buɗe a 1931, da Hilton, wanda aka buɗe a 1963, suke. Manyan ƙasar nan sun san waɗannan wurare kamar yunwar cikinsu, don kuwa tun zamanin jamhuriya ta farko suke sauka a irinsu, wasu da kuɗin aljihunsu, wasu da kuɗin jama'a. Wanda ya biya da guminsa babu mai ce masa don me. Magana tana kan wanda baitulmali ya biya wa.

Ɗaki guda a irin waɗannan otal-otal yakan haura fam 500 a kwana ɗaya. A 2024 fam guda ta kai naira 2,000, wato kwanan dare ɗaya ya tashi a kan naira miliyan guda ke nan. Ƙaramin ma'aikaci mai karɓar naira 70,000 a wata, albashi mafi ƙanƙanta da aka tsayar a wannan shekara, sai ya yi fiye da wata 14 yana aiki bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara kuɗin wannan dare. Gwamnatin Tarayya da kanta ta ga abin ya yi yawa, shi ya sa ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'anta zuwa ƙasashen waje da kuɗin hukuma har tsawon wata uku daga 1 ga Afrilu, 2024.

Masu kare wannan al'ada suna cewa wakilin ƙasa ba zai sauka a lungu ba, dole ne ya zauna inda za a ga mutuncinsa, inda kuma masu zuba jari za su same shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. To, amma wanda aka aika ya kan dawo da amsa. Abin tambaya shi ne, bayan akwatunan tsaraba, wane darasi ne masu kwana a Park Lane suka taɓa kawowa gida?

Darasin kuwa yana nan a fili. Turawan Ingila ba don ado suka soma gina manyan masaukansu ba, ciniki ne ya kawo su. Da jirgin ƙasa ya fara kwararo da baƙi cikin Landan, sai kamfanonin jiragen suka gina masaukai a bakin tashoshinsu: na tashar Paddington a 1854, na tashar St Pancras a 1873. Sun gane cewa baƙon da ya sami wurin kwana mai tsabta da aminci zai daɗe a gari, zai kashe kuɗinsa a can, kuma zai sake dawowa. Wato inda baƙo yake sauka, nan ake kai masa gado.

In akwai garin da ya cancanci a yi masa wannan tunani a Jihar Yobe, to Potiskum ne. Tun 1924 da aka mai da hedkwatar masarautar Fika can, garin yake bunƙasa, saboda hanyoyin Kano da Bauci da Gombe da Gashuwa da Maiduguri duk a nan suke haɗuwa. Kasuwar shanunsa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Kowace Laraba dabbobi suna shigowa daga Barno da Nijar da Cadi, fatake kuma suna zuwa daga Ikko da Badun da Onica da Fatakwal su yi lodi a tireloli su nufi Kudu. Ga kasuwar hatsi, ga ɗimbin masu manyan motoci. Naman da ake ci a gidaje da yawa na Ikko ta nan ya biyo. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 Damaturu aka ba hedkwata, amma kowa ya san inda ciniki yake.

To, ina waɗannan baƙi suke kwana? Akwai ƙananan otal-otal da gidajen saukar baƙi a garin, ba a musa ba. Amma mafi yawan masu hidimar kasuwa, direbobi da yaran mota da masu koro shanu da ƙananan fatake, a zaure suke kwana, ko a rumfar kasuwa, ko a kan tabarma a gindin mota. Mai rabo shi ne wanda yake da fatoma, wato maigidan da zai sauke shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an yi ciniki bashi. Wannan tsari tsoho ne, kuma da shi Hausawan Sabon Badun suka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru. Ya yi amfani ƙwarai, yana kuma kan yi. Sai dai zauren da ya ishi baƙi goma a da, yau baƙi ɗari ne a ƙofarsa.

Ga kuma batun tsaro. Mutanen Potiskum ba su manta da daren 2 ga Mayu, 2012 ba, lokacin da 'yan bindiga suka auka wa kasuwar shanu, suka kashe mutane da dama, suka ƙone dabbobi. Shekarun da suka biyo baya sun kori baƙi masu yawa daga garin. Alhamdu lillahi ƙura ta lafa, ciniki ya farfaɗo. Amma ɗan kasuwar da ya taho daga Kudu da jarinsa, tambayar farko da iyalinsa za su yi masa ita ce a ina zai kwana. In amsar ba ta kwantar da hankali ba, akwai wasu kasuwannin da zai nufa.

Wani cikas kuma shi ne sunan da otal ya yi a Arewa. Da an ambaci otal sai tunanin mutane ya tafi ga giya da mata masu zaman kansu, don haka attajirin da yake tsoron bakin duniya gara ya ƙara sayen tirela da a ce shi ne mai otal. Wannan kuskure ne. Saukar baƙo aikin lada ne tun kafin ya zama sana'a, kuma alhazan garin da suka je Makka da Madina sun ga manyan masaukai a ƙofar Harami, babu giya babu shashanci. Mai gini shi yake shimfiɗa dokar gidansa.

Saboda haka Potiskum ba Hilton take bukata ba. Abin da take bukata shi ne masaukai masu sauƙin kuɗi kusa da kasuwar shanu da wurin ajiye manyan motoci, masu ruwan famfo da makewayi mai tsabta, da wutar lantarki ko ta hasken rana, da masallaci, da wurin abinci, da masu gadi, da littafin rubuta sunan duk wanda ya sauka. Gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗauki aikin kasuwar zamani da tashar tireloli a garin, wannan abin yabo ne, amma aikin bai cika ba sai an haɗa da makwancin mutanen da za su shigo cikinsu. Ba sai hukuma ta gina da kanta ba, don an sha ganin yadda otal-otal na gwamnati suke ƙarewa a ƙasar nan. Nata shi ne ta ba da fili, ta kai hanya da ruwa, ta sassauta haraji na 'yan shekaru, sa'an nan ta bar wa 'yan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi da na masu shanu sauran. A kuma jawo fatomomi a ciki, don su ne suka san baƙin, su baƙin suka amince wa.

Sa'an nan duk jami'in da zai tafi Turai da kuɗin jama'a, a wajabta masa bayyana wa majalisar jiha ko kwana nawa ya yi, nawa aka kashe, da abin da tafiyar ta haifar. In ta haifar da alheri, jama'a za su sa albarka. In kuwa babu, to kuɗin kwana goma a Park Lane ya isa a gina makewayi masu yawa a kasuwar shanu.

Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Mai zuba jarin da ake tafiya nema a Landan mai yiwuwa ne ya zo, mai yiwuwa ne kada ya zo. Na Potiskum kuwa yana zuwa da kansa kowane mako, da kuɗinsa a hannu, ba tare da an aika masa goron gayyata ba. Ya kamata masu iko da masu hali su ba shi wurin da zai sa haƙarƙarinsa. Allah ya sa su ji.