Mai dawowa daga ci-rani, ba mu labarin duka

Kai mai karatu, ka san yadda ɗan ci-rani yake shigowa gari. Ya sauka a tashar Gure, ya nemi motar Kelle. Jaka a baya, sabon takalmi a ƙafa, salula a hannu. Da dare samari su kewaye shi. Ya ba su labarin Sabha ko na Legas: fitilu, benaye, kuɗi. Ranar da ya kwana da yunwa kuwa, ba ya faɗinta. To, ni a ganina wannan rabin labari yana cutar mu.

Ban ce kada a tafi ba fa. Ƙasarmu ta Kutus damina ɗaya gare ta. In an ɗaure gero a kaka, sai wata 7 ko 8 ba ruwan sama. Mutum ya zauna ya ci me? Ai kakanninmu ma sun yi fatauci. Wasu sun tafi Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya.

Har wani Bajamushe ya taɓa ratsa ƙasar nan. Sunansa Heinrich Barth, ana ce masa Abdul Karim. Ya sauka Gure a ƙarshen 1852, lokacin Gure ce babban birnin Muniyo. Shekara 5 ya yi yana yawo a ƙasashenmu. Abin da ya ba ni sha'awa, bai ɓoye wahala ba. Ya rubuta inda rijiya take, da inda ƴan fashi suke, da zazzaɓin da ya sha, da abokan tafiyarsa 2 da suka mutu. Baƙo ya yi haka, kai ɗan gari fa?

Fara da lissafi. A ce ka tashi a Nuwamba, ka dawo a Yuni. Wata 7 ke nan. Kada ka ƙirga abin da ke aljihunka kawai. Tuna da ragon da aka sayar aka yi maka kuɗin mota. Tuna da abin da ka bayar a kowane shinge na hanya, da kuɗin ɗaki, da na magani, da kwanakin da ka zauna ba aiki. Sa'an nan ka tambayi mai ɗakinka tiya nawa ta ci bashi a bayanka, a kan tsadar bazara. In ka makara har aka yi shuka ba ka nan, wannan ma ka sa shi cikin lissafi, don rumbu zai nuna maka a kaka. Wanda ya yi aiki a Kano ko Legas kuma ya san abin da ya sami naira tun 2023. Ka tara ta dami guda, ka zo wurin canji, a ba ka ƴan jikkuna.

Wani in ya cire wannan duka, zai ga riba. Madalla, ya faɗa mana sana'ar da ya yi da garin da ya zauna. Wani kuwa, wallahi, takalmin nan da salular su ne ke nan.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, kuma da yawa daga ƙasar Kance suka fito, nan jiharmu ta Damagaram. A 2011 da yaƙi ya tashi a Libiya, dubban ƴan Nijar sun gudo gida, wasu ba ko jakar. A Sabha akwai wurin da ake kira gidan bashi. Ana kulle mutum, ana dukansa, ana buga wa iyayensa waya su aiko kuɗi. Daga Aljeriya kuma an sha kwaso mutane a zube su a bakin iyaka, su taka kamar kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. A ƙarshen 2023 gwamnati ta soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, motoci suka koma tashi daga Agadas a fili. Amma soke doka ba ta ƙara rijiya ko ɗaya tsakanin Agadas da Dirku ba.

Kai da ka bi hanyar nan ka san duk wannan. Ƙanenka mai shekara 17 bai sani ba. Takalminka kawai ya gani.

Na san za ka ce kunya. Gaskiya ne, da wuya namiji ya zauna gaban jama'a ya ce: "Na tafi, na dawo hannu wofi." Amma mu na gida ma da laifinmu. Ke uwa, ke mai ɗaki, kai baba: mutum bai ko sha ruwa ba, ido yana kan jaka. A bar shi ya huta mana. A fara tambayarsa yadda ya sha hanya. In ya ga ba za a yi masa dariya ba, zai buɗe baki.

Saura magana mai nauyi. Kun tafi ku biyar, kun dawo ku huɗu. Kada ka ce wa iyalin na biyar "yana nan tafe" alhali ka san an rufe shi a rairayi, ko yana kulle a wani gida. Ka sami liman ko wani dattijo ya raka ka, ku je gidan. Ka faɗi ranar, ka faɗi wurin, ka faɗi waɗanda suka gani. Uwarsa tana so ta yi masa sadaka. Matarsa kuma tana jira ta san ko za ta shiga takaba.