Masu fasa salansa, ƙara ba ƙarfi ba ce

Jama'a, yau da babur za mu fara, wayar za ta shigo daga baya.

Duk mai kwana kusa da babban titi a Samaru ya san abin da nake nufi. Sha ɗayan dare ta wuce, gari ya yi tsit, sai ka ji yaro ya taso daga wajen Kwangila ya nufi babbar ƙofar ABU, babur ɗaya tal amma kamar ana harbi. Makon jiya a layinmu sau uku ana tayar da jaririyar maƙwabcina a dare guda. Da safe na tare ɗaya daga cikin yaran, na ce don Allah me ya sa ka cire hanjin salansarka? Ya ce wai mashin ya fi gudu.

To wannan maganar ce nake so mu kashe yau, domin ba gaskiya ba ce.

Salansa ba gwangwanin ado ba ce. Cikinta akwai ɗakuna da bututu mai huji-huji, wanda nake kira hanji. Duk sanda bawul ya buɗe, hayaƙi na fita da bugu, hanjin ne ke karya bugun kafin ya iso kunnenka. Kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya auna tsawon bututun da faɗinsa, ya kuma saita kafireta daidai da su. Ka sa mai walda ya yanke bayan ya zare hanjin, ka ɓata wannan lissafin gaba ɗaya. Iska kan yi wa fetur yawa a inji, zafi ya ƙaru, in ka saki totur ka ji tas-tas-tas. Ciro fulogi ka duba: mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne, wanda ke shan wuya fari fat.

A yi adalci, a baburan tsere ana sa salansa mai sakin hayaƙi sosai, kuma tana ɗan ƙara ƙarfi. Sai dai can ana sake saita man gaba ɗaya, ƙarin kuma yana zuwa ne idan inji na juyawa a ƙarshen gudunsa. Kai fa? Boxer ko Jincheng ko Haojue gare ka, cc 100 zuwa 125, ƙarfin Boxer mai cc 100 bai ma kai doki 10 ba. Aikinka ɗaukar fasinja da buhu daga kasuwar Sabon Gari, tsaya nan, tashi can, cunkoson PZ. Abin da kake buƙata shi ne ƙarfin tashi daga tsaye, kuma shi ne farkon abin da fasa salansa ke cinyewa. Sai ka riƙa murɗa totur fiye da da, kunnenka na gaya maka jirgi kake tuƙawa, tanki kuma na gaya maka gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ke da fetur ɗin ƙonawa don nishaɗin kunne?

Wasu kuma su ce ƙarar ce ke sa direbobi su san suna tafe. Malam, bakin salansa baya yake kallo. Direban da ke gabanka, gilas a rufe, rediyo a kunne, ba zai ji ka ba sai ka zo gefensa. Waɗanda ke shan ƙarar su ne na bayanka da na cikin gida: ɗalibin da ke karatun jarrabawa, mai jego, tsohon da da ƙyar barci ya ɗauke shi, marar lafiyar da za a kai Shika da safe. Abin da ke sa a lura da kai fitila ce mai kyau da hon.

Kai kanka ba ka tsira ba. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wato a 94 awa ɗaya ce, a 100 minti 15. Ɗan acaɓa kuwa wuni yake a kan mashin. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ga kuma doka: tun 2009 Najeriya ke da ƙa'idar hana yawan ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA. Ko ba a kama ka ba, haƙƙin maƙwabci yana nan.

Yanzu ga yadda za ka rage ƙarar ba tare da mashin ya mutu a hannunka ba.

1. Fara aunawa. Shiga Play Store ka sauke manhajar auna ƙara, irin su Sound Meter. Fita fili, nesa da bango, riƙe wayar rabin mita daga bakin salansa, ta ɗan karkace gefe, kada hayaƙi ya daki makirfon. Rubuta lambar a silo, sannan a rabin totur. Awon waya ba na ƙwararru ba ne, amma waya ɗaya a wuri ɗaya za ta nuna maka bambancin kafin gyara da bayansa. Gani ya kori ji.

2. Nemi inda ke yoyo. Sau da yawa ƙarar daga wuyan salansa take, inda ta haɗu da inji. Baƙin tabo a wurin alama ce gaskit ya mutu ko noti ya saki. Sabon gaskit ba shi da tsada. In tsatsa ta huda jikin, a cire salansar daga babur kafin a yi walda, kada wuta ta kusanci tanki.

3. Mayar da hanjin. Mafi sauƙi ka nemi salansar asali ta irin mashin ɗinka wajen masu kayan babur a Sabon Gari, ko ta hannu ce in ba ta ruɓe ba. Ɗaga ta ka ji, ta kirki tana da nauyi.

4. In taka ta kasuwa ce mai bututu miƙaƙƙe, a naɗe bututun mai huji da audugar gilas mai jure zafi, wato faiba, a ɗaure da waya. Kada a danna ta da ƙarfi. Ita ke shanye ƙarar, hanyar hayaƙi kuma tana nan a buɗe. Tana ƙonewa a hankali, in ƙara ta dawo a sake.

5. Kada ka toshe bakin. Masu cusa soson wanke-wanke ko tsumma, ko su matse ramin da walda, su ne ke shaƙe inji, daga nan su fito suna cewa salansa mai shiru na kashe ƙarfi.

6. Daga ƙarshe bakanike ya wanke matatar iska, ya saita tafet da kafireta. Bayan kwana biyu ka sake duba fulogi, ka sake aunawa. Ragin desibel 10 kunne na jin sa kamar an raba ƙarar biyu.

Masu walda da kanikawa, ku ma da ku nake. Yaro ya kawo muku mashin ya ce a fasa, ku ne manya, ku ce masa a'a ku gaya masa dalili. Shugabannin 'yan acaɓa a tashoshin Samaru da Sabon Gari, kun iya hana mutum layi kan kuɗin ƙungiya, kun iya hana shi kan wannan ma.

Wanda kuma har yanzu bai yarda ba, ya cika tanki, ya rubuta kilomitar da ya yi da fasasshiyar salansa, ya mayar da ta asali ya sake gwadawa a hanya ɗaya da kaya ɗaya. Ya zo mana da lambobin. Ku tura wa mai babur ɗin layinku, Allah ya sa a gyara.