Mun Kulle Ƙofar Zaure, Mun Bar Ta Iska A Buɗe

Duk ɗalibin da ke zaune a gidan haya a Dutsin-Ma ya san yadda magariba take. Ana shigo da babur, a jawo ƙyauren zaure, a danna kwaɗo, wani ma har ya tokare da turmi. Ba wanda zai ga laifinmu, domin ba mu manta da watan Oktoba na 2023 ba, lokacin da aka shiga gidan haya a garin nan aka tafi da 'yan'uwanmu ɗalibai mata biyar. Amma akwai wata ƙofa a cikin ɗakunanmu wadda ba ta da ƙyaure, ba ta da kwaɗo, kuma yawancinmu ba mu taɓa tunanin rufe ta ba. Ita ce ɗan akwatin nan mai ƙyaftawa da ke kan taga, wanda ke rarraba mana intanet, wasu su ce masa rauta, wasu MiFi. A kansa muke son mu yi magana da 'yan'uwa ɗalibai da kuma yayyenmu ƙananan ma'aikata.

Bari mu fara da abin da ya same mu. A zangon karatun da ya wuce, mu shida muka yi karo-karo muka sayi rauta, muka zuba mata datar wata guda. Kwana tara ba su cika ba data ta ƙare. Nan take muka ɗora wa kamfani laifi, muka yi ta Allah-ya-isa, har aka fara zargin juna, wannan ya ce wancan ne ke kwana kallon fina-finai. Zumunci ya kusa lalacewa. Sai wani ɗan'uwa mai karatun kimiyyar kwamfuta ya ziyarce mu, ya buɗe shafin kula da rautar, ya nuna mana jerin na'urorin da ke manne da ita. Mu shida ne, amma na'urori goma sha bakwai muka ƙirga. Ashe kalmar sirrin da muka sa, wato lambar wayar ɗayanmu, ta zaga layin nan kaf tun makon farko. Ba kamfani ba ne ya cuce mu, sakacinmu ne.

Wannan ya sa muka lura da wata ɗabi'a tamu. Da zarar intanet ya tsaya, magana ɗaya ce a bakinmu: "Babu sabis." Alhali kuwa hanyar da saƙo ke bi kafin ya iso allon wayarmu gaɓa-gaɓa ce, kuma kowace gaɓa da irin ciwonta. Akwai wayar ko kwamfutar kanta, akwai iskar da ke tsakaninta da rauta, akwai layin da ke cikin rautar, akwai turken sadarwa na unguwa, sa'an nan akwai manyan wayoyin da suka ratsa ƙarƙashin teku. Mai hankali yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda makanike ke bin mota daga mai zuwa wuta. In waya ɗaya ce ta ƙi, sauran suna aiki, to ciwon yana jikinta, a kashe ta a kunna, ko a share sunan rautar a sake haɗawa. In duk sun haɗu da rauta amma shafi ya ƙi buɗewa, a duba ko data ta ƙare, ko an toshe layin saboda ba a haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ba, aikin da gwamnati ta tilasta tun watan Disamba na 2020. In kuwa ana samu a tsakar gida amma a ƙuryar ɗaki babu, to gini ne da kwanon rufi ke tare iskar, sai a ɗaga rautar sama, a matso da ita kusa da taga. Zafin bazara ma yana da nasa, domin rautar da aka bari a rana ko a ƙarƙashin matashi takan yi zafi ta dinga yankewa.

Haƙiƙa akwai ranar da laifin ba namu ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni daga Kwaddebuwa har Nijeriya, bankuna suka tsaya cik. Mu nan kuwa mun ga wadda ta fi wannan. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, domin a katse tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Sai wajen ƙarshen shekarar aka maido mana. Waɗanda suka riga mu shiga jami'a suna ba da labarin yadda mutum zai shiga mota ya wuce Kurfi ya nufi birnin Katsina, ba don komai ba sai don ya kira gida ko ya tura kuɗi. Darasin da muka ɗauka daga wannan shi ne, a ƙasarmu labari makami ne. In har hukuma za ta rufe sadarwar ƙasa guda saboda tsoron inda magana za ta faɗa, yaya mu za mu bar tamu a buɗe ga duk mai wucewa?

Wani zai ce, me talaka ɗalibi yake da shi da za a sata? Yana da yawa. A cikin wayar nan akwai manhajar banki, akwai lambar BVN, akwai shafin makaranta inda ake biyan kuɗi da duba sakamako, akwai hotunan iyali da lambobin iyaye. Ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma kuma yakan zo gida da kwamfutar ofis, cikinta da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu. Wanda ya shiga rautarka ya san kalmar shiga shafin kula da ita, yana iya canja saitinta ya karkatar da kai zuwa shafin bogi mai kama da na banki. Kuma yawancin rautocin nan suna fitowa daga kanti da kalma ɗaya, "admin", wadda kowane yaro ya sani. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban rautoci da kyamarori a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na kanti, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Masu na'urorin ba su ma san an shiga ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran kuwa bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. A juya rautar, a bayanta akwai adireshin shafinta, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A shiga a canja kalmar kanti. A sa wa Wi-Fi doguwar kalmar sirri wadda ba suna ba ce, ba lambar waya ba, ba ranar haihuwa ba. A zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3, a guji tsohuwar WEP wadda aka daɗe da karya ta, a kuma kashe WPS. A riƙa leƙa jerin masu amfani ko da sau ɗaya a mako. In za a kai waya ko kwamfuta wurin mai gyara, a cire layi, a fita daga manhajar banki. Lambar sirrin da banki ke turowa kuwa, ko wa ya kira, ko da ya ce shi ne manaja, ba a faɗa.

Mun san akwai masu cewa hana maƙwabci kalmar sirri rowa ce, kuma rowa ba halinmu ba ne. Gaskiya ne, an raine mu a kan cewa maƙwabci ɗan'uwa ne. Amma wanda ya ba maƙwabci ruwan sha bai miƙa masa makullin ɗaki ba. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi, wanda za a buɗe wa maƙwabci da kalmarsa daban, ya sha iska ba tare da ya taɓa kayan gida ba. A nan an yi kyauta, an kuma tsare amana. Shi ma mai shiga ba da izini ba ya sani cewa dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin na'urar wani, kuma kafin doka, addini da tarbiyya sun hana cin abin da ba a ba ka ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su kafa ɗan kwamiti na ɗaliban kimiyyar kwamfuta, wanda zai zauna da sababbin ɗalibai a makon farko na kowace shekara ya koya musu waɗannan abubuwa da Hausa da Turanci. In an yi hutu kuma, kowa ya kai ilimin gida, mutanen Kurfi su duba rautar kantin babansu, na Dutsin-Ma su duba ta ofishin yayansu. An kafa jami'ar nan a 2011 domin jama'ar yankin su amfana, kuma amfanin ilimi ba sai ranar karɓar digiri yake farawa ba.

Yau da dare, in an danna kwaɗon zaure, a tuna da ɗaya ƙofar. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu da mutuncinmu, amin.