Malam Zurƙe da Ma'aikacin Challawa

Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya, akasari ana tuna shi ne da ban dariya. Amma akwai wuri guda a cikinsa da ya fi ƙarfin dariya. Jarumin labarin, Alhaji Imam, ya sauka wani gari ya shiga rigar malanta, alhali karatun babu. Da Malam Zurƙe ya iso, shi da ya yi karatun, sai aka tara jama'a a gwada su. Alhaji ya yi zane a ƙasa, Zurƙe ya karanta shi a matsayin harafi, Alhaji ya ce ai tsayuwar wata ya zana. Nan take jama'a ta bi mai baki, ta kori mai ilmi.

Laifin na jama'a ne. Jama'ar da ta yanke hukunci da ido, ba ta bincika ba.

Wannan hukuncin ido yana nan da ransa a unguwar Ɗorayi. Ma'aikaci ya taso daga kamfanin fata a Challawa, warin jima a jikinsa, ko daga kamfanin roba a Sharaɗa bayan kwanan aiki, idanu jajur. Ya je neman ɗakin haya, a dubi takalminsa a ce an riga an kama. Ya je neman aure, a ce ɗan leburanci ne, ba a tambayi sallarsa ba, ba a tambayi riƙon amanarsa ba. Wani kuma ya zo da shadda mai maiƙo da turare, a shimfiɗa masa darduma, a damƙa masa kuɗin adashi da 'ya. Sai ya ɓace ake salati.

Hukuncin ido ne ya sa matasa ke ƙyamar kayan aiki, a garin da Bompai ta taɓa ciyar da dubban gidaje kafin matsalar wutar lantarki ta rufe ƙofofin masana'antu da dama. Waɗanda suka rage suna buƙatar hannu, yaro kuwa ya ga yadda ake kallon yayansa, ya gwammace zaman majalisa.

Iyaye da masu unguwanni da dillalan gidaje, su ne ya kamata su dawo da binciken da aka gada kafin ba da aure ko haya: a tambayi maƙwabta, a tambayi limamin unguwa, a tambayi abokan aikin mutum.