Kada Dutsen Zinariya Ya Shigo Gida

'Yan'uwa, a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum, jihar Zamfara. An riƙa niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, yara suna rarrafe cikin ƙurar, suna sa hannu a baki. Mu ma samarinmu suna haƙar zinariya a Yauri da Ngaski. Ba mu hana kowa neman abinci ba, amma a daka dutse can bakin rami, a yi wanka, a sauya tufafi kafin a dawo. Turmin hatsi kada ya taɓa dutse. Dattawa da zumuntar mata, ku bi gida-gida ku duba. Yaron da ya soma jijjiga, a kai shi asibiti nan da nan.