Manhaja ba ta san girman tsakuwar filinka ba

Masu saye da sayar da waya ba su manta da 30 ga Agusta 2022 ba, ranar da bene mai hawa uku da ake ginawa ya rufta a kasuwar waya ta Beirut Road. Ba cewa nake ƙasa ce ta jawo ba. Amma tun daga lokacin, duk benen da na ga yana tashi tsakanin Bata da Sabon Gari sai in tambayi kaina: wa ya gwada ƙasar da ke ƙarƙashinsa, kuma a cikin me?

Tambayar ƙarshen nan ce ba a yi. Yanzu akwai manhajojin da za ka zuba musu lambobin ɗakin gwaji su gaya maka nauyin da ƙasa za ta ɗauka. Ni mai rubuta manhaja ne, na san lissafin ba wuya. Matsalar tana wurin da lambar ta fito.

Ana auna ƙarfin ƙasa ta hanyar cusa ta a akwatin ƙarfe mai gida biyu, a danne, a tura rabin har ta goce. Akwatin da aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 60 ne. Ƙa'idar ASTM D3080 ta Amurka ta ce faɗin ya kai aƙalla ninki goma na tsakuwa mafi girma. Ke nan iyakarsa tsakuwar milimita 6. To burjin da muke cikon fili da shi fa, mai duwatsu kamar goro?

Idan aka cusa shi haka, duwatsun su cije da juna kamar adaidaita sahu a Bata da yamma, sakamakon ya nuna ƙarfin da ƙasar ba lallai tana da shi ba. Idan kuma aka tankaɗe manyan aka zubar, wata ƙasa daban aka gwada. Akwai babban akwati mai milimita 300, sai dai yana cin ƙasa da yawa da lokaci da kuɗi.

Don haka duk manhajar da ba ta tambayi girman akwati da girman tsakuwa ba, a ganina ba a gama rubuta ta ba. Layi uku ne kacal: ta kwatanta su, ta ƙi ba da amsa idan ba su dace ba. Kai kuma idan gidanku za su ɗora bene a kan shago, karɓi takardar gwajin ka nemi lambobin nan biyu, ka kai wa injiniya mai rajistar COREN ya duba.