Takardar Koke Kan Satar Katalis a Motocin da ke Kwana a Waje

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
ta hannun Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa.

Ranka ya daɗe, mu masu motoci na wannan unguwa, direbobin haya da ma'aikata da 'yan kasuwa, muna kawo kukanmu kan wata sata da ta hana mu barci.

Ka san yadda gidajenmu suke. Iyayenmu sun gina su da zaure da soro, ba su gina su da gareji ba, lungunan kuwa ko Keke Napep da ƙyar yake ratsa wasu. Don haka motocinmu a bakin titi suke kwana, ko gindin katangar masallaci, ko gefen filin makaranta. A da batir da madubi muke wa fargaba. Yanzu ɓarawo ba ya ko taɓa ƙofa. Rarrafawa yake ƙarƙashin mota da zarto, ya yanke salansa gaba da baya, ya zare katalis cikin 'yan mintoci. Maƙwabcinmu mai kai yara makaranta a Sienna ya dawo daga sallar Asuba, ya tayar da mota, sai ta ɗauki ruri kamar injin markaɗe, har mutane suka fito daga gidaje. Ran nan yaran a ƙasa suka tafi. Motoci masu tsayi irin tasa, da Highlander da Hiace, su aka fi yi wa, don ba sai an sa musu jak ba.

Wataƙila a ce mene ne abin ɗaga hankali a kan guntun bututu. Katalis wani gwangwani ne da ke tsakanin injin da tukunyar salansa. Cikinsa kamar saƙar zuma yake, shi ya sa makanikai ke ce masa indomi. An shafe wannan saƙa da ƙarafa uku masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ne ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Tun 1975 akasarin sababbin motoci a Amurka ke fitowa da shi, kuma daga can da Turai yawancin tokumbonmu suke zuwa. Ƙarafan ba su wuce 'yan giram ba a kowace mota, amma a watan Maris na 2021 oza ɗaya na rodiyam ya kai wajen dala 29,000, wato ya ninka zinariya fiye da sau goma sha biyar. Farashin ya sauko daga baya, sai dai hanyar cinikin ta riga ta buɗe, kuma ba ta rufe ba.

Asarar kuwa a kanmu take tarewa. Katalis na asali ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, sai a je wurin mai walda ya haɗa bututu zalla. Daga nan fitilar injin ta kama ba ta mutuwa, sau da yawa ma an yanke wayar na'urar da ke auna iska a salansar, mota ta shiga shan mai, a wannan zamani da kowa ya san abin da litar fetur ta zama tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Hayaƙin da ba a tace ba kuma mu ne muke shaƙarsa a go-sulo, mu da 'ya'yanmu da mai tallan ruwa a bakin hanya.

Ba mu zauna mun naɗe hannu ba. Wasunmu sun sa an yi wa katalis keji da rodi, wasu suna manna mota da bango yadda mutum ba zai samu shiga ba, mun kuma yi karo-karo mun ɗauki maigadi. Amma tsoho ɗaya da tocila da gora ba zai tsare layi huɗu ba, ga fitilun kan titi sun daɗe da mutuwa. Da muka kai ƙara inda ya kamata, abin da aka fara ce mana shi ne, ai motar tana nan. Ba a rubuta komai ba.

Ranka ya daɗe, gaskiyar magana, yaron da ke rarrafe cikin dare shi ne ƙaramin mai laifi. Ba shi da tukunyar narka rodiyam, bai ma san sunansa ba. Abin da ya sani shi ne akwai wanda zai karɓa da safe, ya miƙa kuɗi a hannu, ba tare da ya tambayi daga ina ba. Katalis da aka kwance a gareji da wanda aka yanke da zarto ba su yi kama ba, kowane mai saye yana gane bambancin, abokin ɓarawo kuwa ɓarawo ne. Akwai ma masu yi da rana tsaka: ka bar mota a yi maka gyaran birki, a fasa gwangwanin a kwashe indomin a mayar da walda, ba ka sani ba sai bayan mako. Ba duk makanikai ba, yawancinsu masu amana ne, su ma abin yana ɓata musu suna.

Don haka babban roƙonmu a kan mai saye yake. A Ingila da Wales, dokar dillalan tsofaffin ƙarafa ta 2013 ta wajabta musu lasisi da duba shaidar mai sayarwa, ta kuma hana biya da tsabar kuɗi. A Abuja, a watan Janairun 2025, hukuma ta rufe kasuwannin pantaka na mako biyu don a tantance masu sana'ar. Mu ba ma neman a rufe wa kowa kasuwa, domin jari-bola tana ciyar da gidaje masu yawa, cikinsu har da 'yan uwanmu. Muna roƙo ne a kira shugabannin 'yan gwangwan da na makanikai, a gaban Hakimi, a ɗora wa duk mai sayen katalis ajiye littafi: sunan wanda ya kawo, lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, da lambar motar da aka cire shi. Wanda aka samu da katalis babu wannan bayani, doka ta riga ta tanadi hukuncin mai karɓar kayan sata.

Sauran buƙatun ƙanana ne. A gyara mana fitilu, ko da masu aiki da hasken rana ne. A ba mu izinin ajiye motoci da dare a filin hukuma da ke da katanga, mu za mu biya masu gadi. A daidaita aikin 'yan sintiri ya kai har kiran sallar farko, don tsakanin ƙarfe biyu da huɗu ake mana ɓarnar. A kuma umarci masu karɓar ƙara su riƙa rubuta wannan a matsayin sata. Mu a namu ɓangaren mun yarda kowa ya zana lambar motarsa a jikin katalis ɗinsa, yadda in an kama kaya za a san mai shi, kuma masu waldar unguwa sun ce za su yi aikin.

A shirye muke mu turo wakilai duk ranar da aka sa mana, tare da mai unguwa da waɗanda aka yi wa satar da rasitan gyaransu. Allah ya taya ka riƙo.

Mu ne naka,
Masu motoci mazauna unguwa.